Ƙwaryar da Ke Kife a Burtalin Rugar Gidaɗo

Cikin alhini mai nauyi, da zuciyar da har yanzu ba ta koma mazauninta ba, Ƙungiyar Haɗin Kan Manoma da Makiyaya ta Ƙasar Magarya da Dungas take sanar da Mai Girma Sufurefe, wakilin gwamnati a wannan ƙasa, da Masu Martaba sarakunan kanto masu riƙe da gundumomi, da limamai da malamai, da masu gari da shugabannin rugage, da dukkan jama'ar da wannan saƙo zai isa kunnensu a ƙofar masallaci ko a bakin kasuwa, cewa labarin baƙin ciki ya iso mata na harin da 'yan ta'adda suka kai Garin Tamu, a yankin Yekuwa, ranar Alhamis da ta wuce, inda Allah Ya karɓi rayukan bayinSa goma sha tara, a cikinsu har da Mataimakin Shugaban wannan ƙungiya, Sarkin Sawu Malam Illa ɗan Goni. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Da yake labarin ya riga mu shiga gari, kuma kowace kasuwa ta ƙara masa nata gishirin, ya zama wajibi mu fara da faɗin abin da muka tabbatar. Da hantsin ranar, jama'ar Garin Tamu sun taru a gaban rumbunan ƙungiya domin karɓar irin gero da jar dawar agaji, bayan wannan fari da ya bar mu da gonaki babu iri, da turaku babu shanu. Ana cikin awo sai ga waɗansu mutane bisa raƙuma, fuskokinsu a naɗe, sun ɓullo ta bayan rijiya; ba su yi sallama ba, ba su tambayi kowa komai ba, suka dinga harbi cikin taron tsofaffi da mata masu goyo, sannan suka cinna wa rumbunan wuta suka yanki gonaki suka tafi. Ko tiya guda ba su ɗauka ba, kuma wannan ne ya fi tayar mana da hankali, domin ɓarawo dai mun san abin da yake nema, amma wanda ya ƙone iri ana jiran saukar damina, tsoro da yunwa ya zo ya shuka mana. Har zuwa yau ba mu san ko su wane ne ba, ba mu san wanda ya aiko su ba, kuma jandarmomin da aka turo suna kan bincikensu.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga kowane gida da aka fitar da gawa daga cikinsa: ga iyalan Malam Wada Alhassan, mai awon ƙungiya, wanda aka tarar da shi da tiya a hannu, ga 'ya'yan Fadi mai ƙosai, wadda ba ma hatsi ta zo karɓa ba, ta kawo kaskonta ne inda jama'a suka taru, da ga sauran waɗanda aka jera kaburburansu a rana guda, har jama'ar gari ta rasa hannun da zai riƙe fartanya. Idan muka tsawaita magana a kan Sarkin Sawu, Allah Ya sani ba don ransa ya fi na kowa a cikinsu ba ne. Mun yi haka ne saboda shi ne wanda da yana raye, da shi za mu tura ya kashe wutar da muke hangowa yanzu.

Marigayi Malam Illa a Garin Tamu aka haife shi, kuma a hannun mahaifinsa Goni ya koyi bin sawu tun kafin gemu ya fito masa. Fiye da shekara talatin, daga Kwaya har Dogo-Dogo, duk inda aka wayi gari an kwance sa ko an fasa rumbu, shi ake aika wa da jaki. Mutum ne mai tafiya kai a sunkuye, har baƙi sukan ɗauka kunya ce ta yi masa yawa, ko kuwa allura ya yar yake nema. Mu da muka san shi mun san ƙasa yake karantawa, kuma yakan gaida ƙafar mutum kafin ya gaida fuskarsa. In ka je gidansa ba ka same shi ba, ba sai ka bar sallahu ba, kashegari za ka gan shi a ƙofarka ya zo mayar da ziyara. Ni mai rubuta wannan saƙo na taɓa sayo sabon takalmi daga Kano, na ratsa ta ƙofar gidansa da niyyar in ruɗe shi, da muka haɗu a biro, wato ofis, sai ya taya ni murnar takalmin, ya ƙara da cewa takalmin kam sabo ne, amma jan dunduniyar hagu tsohuwa ce, tun ina ɗan makarantar lakwal yake ganinta.

Saboda waɗanda za su ji wannan saƙo daga nesa, bari mu bayyana al'adar da marigayin ya riƙe, domin a kanta duk damuwarmu take. A ƙasarmu, idan aka yi ɓarna, mai bin sawu yakan bi sawun har inda ya shiga iyakar wani gari ko wata ruga. A nan sai ya tsaya, ya kife sawun ƙarshe da ƙwarya don kada iska ko dabba ta ɓata shi, ya aika a kira mai garin. Daga nan nauyi ya koma wuyan mutanen wannan gari, su ne za su bi sawun cikin ƙasarsu su nuna inda ya fita. In sun fitar da shi, sun wanku, a ɗauki ƙwarya a yi gaba. In kuwa sawun ya mutu a ƙasarsu har wa'adin da aka ba su ya cika, to magana ta rage ga wanda ya kife ƙwaryar shi kaɗai: ko ya ɗage ta da hannunsa ya ce sawu ya ɓace, ya bar wa Allah, ko ya taka ta ya fasa, wanda ke nufin alhakin ya tabbata a kan mutanen wurin.

Malam Illa ya kife ƙwarya a iyakar garuruwa da dama, amma a duk tsawon aikinsa ba a taɓa fasa ko guda a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Yakan tuɓe rigarsa ya shiga cikin waɗanda ake zargi, ya taya su neman mafitar sawun, ya ci tuwonsu ya sha ruwansu, har masu dukiyar da aka sace sukan yi gunaguni su ce su suka ɗauko shi amma ɓarayi yake yi wa aiki. Shi kuwa yakan amsa musu da cewa ƙasa tana nuna masa inda ƙafa ta bi ne kawai, ba ta taɓa faɗa masa sunan mai ƙafar ba. A shekarun nan na fari, da rijiyoyi suka ja baya, manomi da makiyayi suka fara kallon juna a bakin guga, shi ya zauna ya raba lokutan shayarwa, kuma ba a zub da jini a rijiya ko ɗaya da ya sa wa hannu ba. Wannan ne ya sa ranar da aka kafa ƙungiyar nan, masu fartanya da masu sanda suka haɗa baki a kan sunansa ba tare da an yi musu ba.

Yanzu kuma sai abin da ya sa wannan saƙo bai tsaya ga addu'a kaɗai ba, kuma muna roƙon a saurare shi da hankali kwance.

Maƙwabtan Garin Tamu na kusa su ne mutanen Rugar Arɗo Gidaɗo, masu kiwo kuma masu noma, waɗanda kakanninsu suka zauna a wurin tun kafin a haƙa rijiyar siminti. Ranar Alhamis, da suka hango hayaƙi, maza da mata suka ɗaura wa 'yan shanun da fari ya bar musu amalanke, suka rugo. Su suka fara isa wurin. Su suka kwashi waɗanda suka ji rauni zuwa gidan likita na Dungas, su kuma suka komo da waɗanda suka cika a hanya, suna kai da kawowa har kashegari. Malam Illa, wanda harsashi ya same shi a ciki yana ƙoƙarin tura mata bayan rumbu, a kan amalanken Sambo, ɗan Arɗo Gidaɗo, aka ɗauke shi, kuma a kanta ya cika, ana hango rufin gidan likita.

Bayan an yi jana'iza, Malam Dalhatu, babban ɗan marigayin, wanda ya koyi aikin a hannunsa kamar yadda shi ma ya koya a hannun Goni, ya ɗauki ƙwaryar mahaifinsa ya bi sawun raƙuman, samarin gari suna biye da shi. Sawun ya ratsa gonaki a fili, ko makaho zai bi shi, har ya faɗa burtali daidai iyakar Rugar Gidaɗo. A nan Dalhatu ya kife ƙwarya, ya aika aka kira Arɗo, aka ba shi wa'adi zuwa ranar sadakar bakwai. Arɗo Gidaɗo ya fito da duk wani mai ido a rugarsa, suka bi burtalin a durƙushe, ba su sami komai ba. Burtalin nan shi ne gajeriyar hanyar Dungas, kuma ta cikinsa amalanken suka yi ta wucewa da masu rauni da gawawwaki, da jakuna da jama'a a bayansu, har yashin ya koma gari. Abin da ƙafafu suka rage, iskar bazara ta share. Mutanen rugar sun ce sun hangi ƙurar raƙuma ta bayan tudu kafin hayaƙin ya tashi sosai, suka ɗauka fataken kanwa ne da suka saba ratsawa. A bisa al'ada dai, sawu ya mutu a ƙasarsu.

Tun daga ranar, maganganu suke ta haihuwa. Masu cewa me ya sa ba a kashe ko mutum guda na rugar ba, muna amsa musu da babbar murya cewa wannan ƙungiya ce ta raba ranakun karɓar iri, ta ba Garin Tamu Alhamis, ta ba Rugar Gidaɗo Asabar, kuma marigayin da kansa ya sanar da su haka. Da an juya ranakun, da yau a rugar ake zaman makoki. Masu cewa saurin zuwan da suka yi shi ne shaidar sun san da abin, muna tambayarsu, da sun yi nawa, me za a ce? Masu cewa da gangan suka bi burtalin don su kashe sawun, su ne muka fi jin tsoron maganarsu, domin ita ce ta fi kama da gaskiya a kunnen wanda ya binne uwarsa. Kuma muna lura da cewa waɗanda suka fi ɗaga murya a rumfunan kasuwa, da yawansu ba su haƙa kabari ko ɗaya ba ranar Alhamis, kuma in wuta ta tashi ba gidajensu za ta fara ci ba.

Ba za mu ɓoye wa jama'a halin da ake ciki ba. Maƙera a garuruwa biyu sun ajiye gyaran garma sun koma kan kibiya. Samarin da suka saba zaman dara a gindin tsamiya sun daina zama inda manya za su ji su. Matan ruga sun daina kawo nono, kuma buhunan irin gero da Arɗo Gidaɗo ya aiko daga rumbunsa don gidajen da aka yi wa rashi suna nan jingine a bakin gari, babu wanda ya taɓa su, tururuwa ta fara shiga. A rugar kuwa an fara ɗaure kaya, ana shawarar a ƙetare iyaka da shanu kafin Laraba, alhali in suka tashi, kowa zai ce ga shi sun amsa laifinsu da ƙafafunsu, kuma za a bi su. Jandarmomi kaɗan ne, ƙasar kuwa faɗi gare ta, ba za su tsaya a ƙofar kowace bukka ba. Muna jin tsoro, kuma ba ma jin kunyar faɗa.

Saboda wancan zargi na ƙarshe, wato na kashe sawu da gangan, Shugaban ƙungiya ya umarce ni da in tafi Dungas in ji daga bakin waɗanda suke kan amalanken. Na tafi jiya Lahadi, tare da Limamin Garin Tamu, don kada a ce kunne ɗaya ne ya ji. Sambo ɗan Arɗo ya riga ya faɗi abin da ya faru tun ranar Juma'a, ba a saurare shi ba, aka ce ɗan ruga ne, dole ya kare gidansu. Amma a kan amalankensa, ban da marigayin, akwai Malama Sa'a, haifaffiyar Garin Tamu, wadda ta rasa mijinta da 'yarta a harin, ita ma harsashi ya fasa mata kafaɗa, kuma sai shekaranjiya bakinta ya buɗe. Ba ta san an kife ƙwarya ba, ba ta san ana zargin kowa ba, ba mu kuwa gaya mata ba sai da ta gama. Mun tambaye ta ne kawai yadda Sarkin Sawu ya cika.

Ga abin da ta shaida mana, Liman yana zaune. Amalanken Sambo ce a gaba, sauran suna biye. Da suka iso inda hanya ta rabu, ɗaya ta shiga burtali, ɗaya ta kewaya ta wajen Kwaya, Sambo ya ja akalar shanu ya tsaya, domin ya ga sawun raƙuman shimfiɗe a burtalin, sabo, ko iska ba ta taɓa shi ba. Ya juyo ya gaya wa marigayin, ya kira shi Baba kamar yadda ya saba, ya tambaye shi ko su kewaya don kada su ɓata sawun. Malam Illa ya ce a ɗaga shi. Sa'a ta tallafe shi da hannunta mai lafiya, ya leƙa ya dubi ƙasa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya waiga ya dubi jerin amalanken da ke bayansu, da jinin da ke ɗiga daga cikinsu. Ta ce kalmominsa ba za su fita daga kunnenta ba har ta mutu, kuma ga su kamar yadda ta faɗa: “Taka shi, ɗana. Kewayen nan da nisa, na bayanmu ba su kaiwa. Sawu na Allah ne, taka mu tafi.”

To, jama'a, ga wanda ya kashe sawun. Sarkin Sawu ne da bakinsa, yana cikin hankalinsa, ya san abin da yake kallo fiye da kowa a ƙasar nan, ya san cewa in amalanke ta bi ta kai ba za a ƙara ganinsa ba, ya san kuma sawun waɗanda suka harbe shi ne. Anfirmen da ke duba marasa lafiya a gidan likita na Dungas ya gaya mana cewa daga cikin waɗanda aka kawo masa da rai, akwai da dama da ba za su jure doguwar hanya ba, ita Sa'a tana cikinsu. Mun yi kuka a gefen gadonta, ni da Liman, ba don sabon rashi ba, sai don mun ji muryar mutumin da muka sani.

Da za mu iya cewa wannan shaida ta kwantar da ƙura, da mun fi kowa farin ciki, amma ba haka ba ne. Da Liman ya faɗe ta a masallaci, wasu sun sunkuyar da kai, wasu kuwa sun ce zazzaɓi ne ke magana a bakin Sa'a, wasu suka tashi suka fita ba a shafa fatiha ba. Wanda ya ga an ɗauko ƙanwarsa a cikin tabarma yana son ya ga fuskar da zai ɗora wa abin, maharan kuwa ba su bar fuska ba, rugar ce take kusa. Mun fahimci wannan zafi, kuma ba za mu ce wa kowa kada ya ji shi ba. Mu ma muna son a kamo waɗanda suka yi wannan aika-aika, a gurfanar da su gaban hukuma, a yi musu hukuncin da ya dace da su a bainar jama'a, kuma ƙungiya ta ba jandarmomi duk wanda ya san daji a cikin 'ya'yanta. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a biya jinin Garin Tamu da jinin waɗanda suka ɗauke shi a kan amalankensu. In aka yi haka, rugage za su rama a kan ƙauyuka, ƙauyuka su rama a kan rugage, daga Yekuwa har bakin iyaka, damina ta sauka ta tarar babu mai fita gona, su kuwa masu raƙuman suna can inda suke, an ƙarasa musu aikin da suka fara ba tare da sun sake ɓata harsashi ba.

Don haka ƙungiya take roƙon Masu Martaba sarakunan kanto da su ja kunnen masu gari, masu gari su ja kunnen iyaye, iyaye kuma su san inda 'ya'yansu suke daga yau har a wuce Laraba. Tana roƙon maƙera su koma kan garma, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Tana roƙon Arɗo Gidaɗo, da girman Allah, ya kwance kayan da aka ɗaure ya zauna a inda kakanninsa suka zauna, ko da zaman ya yi masa ɗaci. Da muka kai masa wannan roƙo, dattijon bai yi mana dogon bayani ba, ya ce shi zai zauna, amma ba zai iya rantse mana a kan matan da ke da 'ya'ya ƙanana ba, kuma ba mu ga laifinsa ba.

Muna kuma sanar da jama'a cewa, bisa buƙatar iyalan marigayin da amincewar sauran gidajen da aka yi wa rashi, sadakar bakwai ba a ƙofar gida za a yi ta ba. Za a yi ta jibi Laraba da safe, a burtali, a inda ƙwaryar take kife. Wannan shawara ta fito ne daga Inna Ɗela, yayar marigayin, wadda ta goya shi a bayanta yana jariri. Tun ranar da ta ji ana cewa wasu za su je su fasa ƙwaryar kafin wa'adi, ta ɗauki tabarmarta da butarta ta tafi ta zauna a gefenta, a cikin wannan rana ta bazara, kuma duk wanda ya je lallashinta ta koma gida, amsa ɗaya take ba shi, cewa ƙwaryar ƙanenta ce, ita ta fafe masa ita, ba mai taɓa ta sai ɗansa. Shugabannin ƙungiya gaba ɗaya za su zauna tare da ita ranar Laraba, rugar tana bayanmu, Garin Tamu yana gabanmu. Ana gayyatar kowa, manomi da makiyayi, kuma ana roƙon kowa ya bar baka da sanda da wuƙa a gida, ya zo da carbinsa.

Ga Malama Uwani, uwargidan marigayin, wadda take cikin takaba ba za ta iya fitowa ba, da sauran 'ya'yansa da jikokinsa, da Inna Ɗela, da Malama Sa'a da duk masu jinya a Dungas, da kowane gida na Garin Tamu, ƙungiya tana roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi, Ya sanyaya zukatanku, Ya tsaya wa marayun da aka bari. Allah Ya jiƙan Sarkin Sawu Malam Illa ɗan Goni da dukkan waɗanda suka tafi tare da shi, Ya karɓi shahadarsu, Ya yalwata kaburburansu, Ya sa Aljanna ce makomarsu. Allah Ya tona asirin waɗanda suka yi mana wannan, Ya kare hannuwanmu daga jinin wanda bai ji ba bai gani ba, Ya sauko mana da damina mai albarka. Amin.

Kalmarmu ta ƙarshe ga Malam Dalhatu ce, kuma muna faɗinta a fili ne saboda mun je gidan har sau biyu, ya karɓe mu da ladabi, ya saurari shaidar Sa'a daga farko har ƙarshe, bai ce mana komai ba. Dalhatu, ɗan ɗan'uwanmu, ba ka yi laifi ba da ka bi sawu, ba ka yi laifi ba da ka kife ƙwarya, aikin gidanku ka yi, kuma ka yi shi daidai, da hawaye a idonka. Al'ada ta sa maganar a hannunka kai kaɗai. Sufurefe ba zai ɗage maka ƙwaryar nan ba, sarki ba zai ɗage ta ba, mu ma ba mu da iko, kuma samarin gari ƙafarka suke kallo. Ba mu san abin da ka yanke ba, kuma rashin sanin nan ya hana mu sukuni. Mun shimfiɗa maka tabarma a hannun daman gwaggonka, inda in ka miƙa hannu za ka taɓa ƙwaryar. Abu ɗaya muke roƙon ka zo da shi a zuciyarka: sawun da ka rufe, mahaifinka ya riga ka ganinsa, yana sabo, har gaba da inda naka idon ya tsaya, jininsa yana zuba, ya dube shi da kyau, ya ce a taka.

Wassalam.

Dauda Mainassara
Sakatare kuma Mai Magana da Yawun
Ƙungiyar Haɗin Kan Manoma da Makiyaya ta Ƙasar Magarya da Dungas
Magarya, Litinin, 20 ga Mayu, 1974